Kiran da Malam Tsaya-Nan Ya Katse

Akwai wani aibi da ya zama ruwan dare a tsakanin ma'aikata masu ƙwazo, wato ɗaukar cewa abin da aka yanka wa wa'adi shi kaɗai ne ke da muhimmanci. Aiki yana da lokacin rufewa, iyali kuwa ba su da shi, don haka su ake jinkirtawa kullum, da yake ba sa korar kowa.

Mutumin da direbobi suka laƙaba wa Malam Tsaya-Nan yana cikin irin waɗannan. Aikinsa shi ne zagaya ƙananan asibitoci yana duba firjin adana magunguna, ya ɗauki hotuna, ya tura wa ofishinsu kafin a tashi. Kwamfutarsa ba ta samun intanet sai ya jona ta da wayarsa, saboda haka ya haddace hanyoyi da ƙarfin sabis ɗinsu: ya san kwarin da saƙo ke rarrafe, ya san tudun da yake gudu.

"Direba, tsaya nan!" haka yake cewa in motar hayar da ya shiga ta hau tudu.

"Haba Malam! Fitsari ne, ko sabis ɗin naka ne?"

"Kaɗan ya rage."

"Kaɗan ɗinka ya fi tafiyar tsawo," in ji wata tsohuwa daga kujerar baya. "Ɗan nan, da mu ka yi hayar motar?"

Sai dai wayar tana da hali guda. Da zarar kira ya shigo, intanet sai ya yanke, hotunan da suka kusa isa su koma farko. Shi ya sa ya kafa wa gidansa doka: ba a kiran sa yana hanya.

Wata rana ciwon ciki ya kama 'yarsa, Auta, likita ya ce sai an yi mata aiki nan take. Yarinyar ta tsorata, ta ƙanƙame ƙarfen gado, ta ce ba za ta shiga ba sai ta ji muryar babanta. Uwarta ta karya doka ta kira. A lokacin yana kan wani tudu, kwamfuta a cinya, layin turawa ya kusa cika. Ya ga sunan matarsa, ya katse. Ta sake kira, ya sake katsewa. Ta tura masa saƙo ta bayyana halin da ake ciki. Ya karanta, amma ya ce a ransa bari wannan ya ƙarasa tukuna. Ko da ya ƙarasa ya kira, an riga an tura gadon zuwa ɗakin tiyata.

Auta ta warke sumul. Da ya dawo, matar ta tare shi a bakin ɗakin jinya.

"Baban Auta, muryarka kawai ta nema."

"To ni likita ne? Muryata ce za ta yi aikin?"

"A'a. Hotunan firji sun isa lafiya dai ko?"

Hujjarsa ba ta rasa kan gado ba, domin gaskiya ne muryarsa ba ta ɗinke ciwo. Abin da ya kasa ganewa shi ne, hoton da ya yanke ana sake tura shi, amma tsoron yarinya ba ya jira a dawo masa. Uwar ba ta ɓoye wa Auta komai ba, Auta kuma ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ta dai daina neman sa, a waya da a gida.

Daga baya kamfanin ya sa wa firjin na'urorin da ke tura rahoto da kansu, aka sallame shi. Yanzu a ɗakin ƙofar gida yake wuni. Auta ta girma, tana da nata gidan. In ta zo ziyara sai ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Baba, ina wuni," cikin ladabin da babu abin kushewa a cikinsa, sannan ta wuce wajen uwarta. Ta bango yake jin dariyarsu.