Damanin da Na Sayar wa Hajiyar Awali

Kafin in lalace, ni mai gyaran mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki, a wani shago da ke unguwar Bani Harisa a Madina. Da iƙamata, takardar izinin zama, da komai, ba wanda ya isa ya tare ni a hanya. Matasa, ku saurara da kyau, don ba rana ɗaya na wayi gari a kurkuku ba.

Da ƙananan abubuwa na fara. In je gida in tarar ƙura ce kawai ta toshe na'ura, sai in ce gas ne ya ƙare. Mai gida ya biya, ya haɗa mini da dabino da addu'a. Zuciyata ta yi mini faɗa na ɗan lokaci, daga baya ta gaji ta yi shiru.

Sai na haɗu da Sale, mutumin garinmu, wanda har yau in na ambaci sunansa sai na ji ɗaci a bakina. Shi ya kawo shawarar damanin gida. Mutum ya biya sau ɗaya a shekara, duk abin da ya lalace, mukayyif ne, famfo ne, wayar wuta ce, a gyara masa kyauta. Akwai kamfanonin gaskiya da ke yin haka. Namu kuwa suna ne kawai da sitika.

"Da sanyi za mu sayar, lokacin ba abin da ke lalacewa," in ji shi. "Zafi na shigowa mu daina ɗaga waya."

Na yi dariya har da tafa masa hannu. Don wauta ban tambayi dalilin da ya sa lambata ce a jikin sitikar, ba tasa ba.

A unguwar Awali na gamu da wata dattijuwa, Hajiya Rakiya. 'Yar ƙasa ce, kakanninta ne suka zo hajji suka zauna. Mijinta yana kwance ya daɗe ba ya tashi. 'Ya'yanta in ta yi musu Hausa sai su mayar mata da Larabci, shi ya sa da na durƙusa na ce, "Ina wuni, Hajiya, ya mai jiki?" sai na ga idonta ya kawo ruwa. Nan take na san kasuwa ta yi.

Ɗanta Majid ya karɓi takardar ya juya ta. Da Larabci ya ce mata na'urorin gidan ba su tsufa ba, babu buƙata, kuma shi bai taɓa jin sunan kamfanin ba. Ta juyo gare ni.

"Ya waladi, ɗana, tsakaninka da Allah, damanin nan yana da amfani?"

"Hajiya, mai mara lafiya a ɗaka ba ya wasa da zafin Madina. Ko da tsakar rana kika kira, ga ni."

"Halas, shi ke nan," ta ce wa Majid. "Wannan namu ne."

Zafi ya shigo, mukayyif ɗin ɗakin tsohon ya mutu. Ta kira. Ina zaune ina cin shinkafa, ina kallon sunanta a waya har ta katse. Ta sake kira, ta sake. Daga baya na ji cewa Majid ba ya gari, kuma da maƙwabta suka ce a kira wani mai gyara sai ta hana, ta ce ɗanta, wato ni, yana hanya, ba za ta kunyata shi ba. Da mafici ta yi ta fama. Kafin a kai tsohon asibiti zafi ya riga ya yi masa illa, bai dawo gida ba.

Ni aka kama. Sale kuwa ya tattara abin da muka tara ya bar ƙasar tun kafin a buga ƙofata. Wallahi a kurkuku ba tuba na fara yi ba. Sale nake gani ko na rufe ido. Na tsara yadda zan same shi, da abin da zan yi masa a gaban 'ya'yansa. Har yanzu ban yafe masa ba, ba kuwa zan yi muku ƙarya in ce na yafe ba. Duk inda yake, Allah ya hana shi barci.

Wa'adina ya cika amma ban fita ba, domin a can sai wanda ka zalunta ya sa hannu ya janye haƙƙinsa. Manyan unguwa suka yi ta zarya gidan Hajiya, ta ƙi. Rannan sai ga Majid ya zo. A karon farko ya yi mini Hausa, yana ɗingisa ta kalma kalma.

"Ummi ta sa hannu. Ta ce a bar ka ka tafi, ba ta son ka ƙara kwana a garin Manzo. Ta ce takarda ta yafe wa, ba kai ba. Sauran maganar sai kun tsaya gaban Allah."

Aka sa ni a jirgi, aka rufe mini ƙasar. Na tuba, na koma sana'ata, ba na ƙara cewa gas ya ƙare in bai ƙare ba.

Ku da ke can, in an kawo muku damani, ku nemi rajistar kamfanin, ku tambayi wanda suka taɓa yi wa gyara cikin zafi. Kada ku saya don mutum ya gaishe ku da harshen gida. Ku kuma da hannunku ya fara ƙaiƙayi, ku janye shi tun yanzu. Ni ina jiran Sale a ranar hisabi, na kuma san kafin in kai gare shi sai na wuce ta gaban Hajiya Rakiya.