Jirgin Gero da Shanun Kawu Ilu

Dutsi zuwa Daura

Ana sallame sallar Asuba na tayar da babur, ko koko ban tsaya sha ba. Abokina Nafi'u ya sami aiki a Kudu, motarsa za ta tashi bayan Azahar, ga shi akwai tafiyar da muka faro tun damina ba mu ƙarasa ba.

A kan tabarmar zaurensu ake wannan tafiya. Wasa ne: Nafi'u ya zana taswirar wata duniya mai suna Jan Yashi a bayan kwali, shi ke ba da labari, kowannenmu ya ɗauki mutum guda ya zama shi, ɗan lido kuma ya yanke abin da zai faru. Da kumbo mutane suka je can, amma guguwar ƙasar tana ƙona duk abin da ke aiki da lantarki, sai aka koma wa jirgin ƙasa mai shan dizal. Na ce masa wannan ai ba wata duniya ba ce, unguwarmu ce.

Ni ne direban jirgin, sunana a wasan Ɗan Baure. Wata da watanni ina lallaɓa shi, ya tsallake 'yan fashi, ya tsallake karyewar gada. Saura zango ɗaya, ya kai gero garin Rijiyar Ƙarshe, inda ake fama da yunwa. In bai kai ranar ba, a daji zai tabbata, don babu mai ci gaba da labarin. Ku yi dariya in kun ga dama, ni dai da fargaba na isa Daura.

Tashar Kumbo

Na tarar Hadiza, ƙanwar Nafi'u kuma bakanikiyar jirginmu a wasan, ta jera kwalayen ashana a matsayin taragai. Mai kula mana da kaya bai zo ba, sai aka zaunar da Kawu Ilu, falken shanu, wanda ban kwana kawai ya kawo shi. Aka ba shi marfin kwalba aka ce shi ne shi.

"Kawu, kaya kawai za ka riƙa dubawa," in ji Nafi'u.

Ya nuna kwalin baya. "Wannan me ke ciki?"

"Babu komai."

"Fanko? Ku ƙona mai ku ja iska? Akwai kara a garin nan?"

Nafi'u bai iya ce wa babba a'a ba, sai ya ce akwai kasuwar shanu, amma shanun ƙafa shida gare su. Kawu bai ko girgiza ba. Ya tambayi haƙora, ya tambayi tozo, ya taya, Nafi'u ya ce albarka, ya miƙe kamar zai tafi, aka kira shi ya dawo. Har shayi ya huce ana ciniki. Muka tashi da tarago cike da shanu.

Hadiza ta matso kusa da ni ta ce, "Yaya Sada, man da ke tanki na gero ne kaɗai fa."

Shingen Mutum-mutumi

Da hantsi muka iso shinge. Wani mutum-mutumi na ƙarfe ya tsayar da mu, ya ce a nuna izinin ɗauko dabbobi. Ba mu da shi. Ina shirin taka mai, Kawu ya gyara zama ya fara gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, ya aiki, ya iyali.

"Kawu, ba shi da iyali," in ji Nafi'u.

"Allah sarki. Ka ce masa Allah Ya kawo ta gari."

Aka jefa ɗan lido, ya ba da shida. Nafi'u ya ce kan mutum-mutumin ya ɗau zafi, ya ɗaga mana ƙarfe. Da nan aka tsaya da an zauna lafiya, amma Kawu ya ce ba a wuce mutum a rana, a rage masa hanya. Haka muka ƙara buhun ƙarfe a kan gero. Nan Inna, mahaifiyar su Nafi'u, ta aiko da waina da miyar taushe, muka ya da zango.

Hawan Baƙin Dutse

Rabin hawa injin ya fara tari. Hadiza ta ce ko a kwance taragon shanu, ko mu duka mu tsaya a nan. A waje kuma direban motar Nafi'u ya fara danna hon.

Na ce, "Kawu, don Allah."

"Ba a yar da dabba a daji, ɗan nan, ko ta kwali ce."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ga ni da gemuna, idona ya cika da ƙwalla a kan kwalin ashana. Kawu ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Buɗe taragon. Zan sauka in koro su a ƙasa. Kakanninmu har Ikko suka kai shanu da ƙafa."

"Kawu, tafiyar shekara ce," in ji Nafi'u, "wasan kuma yau zai ƙare."

"Na ji. Kai dai direba, kai wa mutane geronsu."

Ya ɗauki marfinsa da kwalin shanun ya ajiye su a tsakiyar taswira, inda babu gari babu inuwa. Na jefa ɗan lido. Huɗu ya bayar, kuma ya isa. Ɗan Baure ya shiga Rijiyar Ƙarshe da geronsa, Hadiza ta rangaɗa guɗa har Inna ta leƙo.

Komawa Gida

Muka raka Nafi'u mota. Da aka zo naɗe taswira, Kawu ya hana, ya ɗauke ta a shimfiɗe kamar faifan tuwo ya tafi da ita. Na isa Dutsi kafin Magariba, na gode wa Allah, na gode wa Inna da wainarta.

Ranar kasuwar Mai'adua na hango Kawu a kara. Ya bar mai saye tsaye, ya ja ni gefe, ya rage murya.

"In ka yi waya da Nafi'u, ka tambayar min ko akwai ruwa a gaba. Kullum ina ɗan matsar da su, amma sun fara ramewa."