Ashe "tchoukou" suke rubutawa

Na zuba wa waya ido kamar mai jiran wasiƙar masoyi, sai ga Kaka ta leƙo.

Mako biyu ke nan da Yaya ya ara mini wayarsa don in buɗe wa cukun da Inna ke yi shafin talla. Ya ce in wata ya cika babu mai saye zai karɓe abarsa, alhali littattafan soyayyata duk a ciki suke. Ni kuwa na raɗa wa shafin suna "Farin Watan Damargu". Ko ƙuda bai leƙo ba.

"Ke 'yar nan, wa ya taɓa zuwa kasuwa sayen farin wata?" in ji Kaka. "Da nake talla a tashar Tanut, uwarki tana goye, sai na kasa kunne na ji yadda direbobi ke kiran abu, sannan in ɗaga murya."

"To Kaka, yaya zan kasa wa intanet kunne?"

"Yadda kike kasa wa samarin littafi!"

Kunya ta kama ni, amma na shiga wurin da ke nuna kalmomin da aka fi nema. "Cuku" yana can ƙasa. Ashe yawanci da rubutun lakwal, wato irin na Faransanci, suke bugawa: "tchoukou"! Nan take na mai da sunan "Tchoukou, Cukun Tanut".

Jiya wata Hajiya ta kira daga Damagaram tana son na biki. Na amsa mata. Yaya ya ce in riƙe wayar.

Farin watan na ajiye shi don littafin da zan rubuta. Ku fa, yaya kuke rubuta cuku a wayarku?