Munduwar Inna a Ƙarƙashin Mota

Wasiƙar ta iso ranar Talata, a shekara ta biyu da fara yaƙin basasa. Daga asibitin soja aka rubuto, cewa yayana yana cikin waɗanda za a sako a jirgin ƙasa ranar Alhamis, ya iso Kano wajen la'asar. An harbe shi a ƙugu, ba ya iya zama sai kwanciya. Sau biyu na karanta wa Inna. Ba ta ce uffan ba, don ɗan fari ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba. Ta dai ci gaba da tankaɗe, rabin garin yana zuba a ƙasa.

Duk unguwarmu ta Ƙofar Mazugal babu motar da mutum zai miƙe a ciki sai tawa. Wata tsohuwar ƙaramar bas ce mai inji a baya, wadda Baturen da muka yi koyarwa tare ya bar mini da zai koma ƙasarsu. Akwai gado a cikinta, da labule, har da ɗan kabad na kwanuka, shi ya sa 'yan unguwa ke ce mata ɗakin amarya. In ban kai ta tasha ba, sai dai a ɗoro yayana a amalanke kamar buhun gyaɗa, a yi ta jijjiga shi har cikin birni. Na rantse ba za a yi haka ina raye ba.

Sai dai wata biyar ke nan tana ajiye a kangon gefen gidanmu, saboda fetur ya yi wuya. Inna kuwa ba ta ganin wuri a rufe ta ƙyale shi. Kanwa take sayarwa a cikin gida, sai ta mai da motar rumbu. Ranar Laraba na kwashe buhunan, na share, na kai batir caji, na roƙo galan biyu na mai wajen wani abokina direba. Ban tayar da ita a ranar ba, wai kada in ƙona mai a banza. Wannan wauta har gobe tana ba ni haushi.

Alhamis da hantsi na ɗaura batir, na yi bisimilla, na murɗa makulli. Ƙas. Na sake. Ƙas. Kik ɗin, wato ɗan injin da ke fara juya babban, ko motsi bai yi ba.

Baba tela, maƙwabcinmu, ya bar kekensa na ɗinki ya taho da awo a wuya. Bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma babu ciwon motar da bai san maganinsa ba.

"Malam, a tura ta mana. Ai ko jaki ya ƙi tafiya, daga baya ake lallaba shi."

Muka tara majiya ƙarfi muka tura. To, damina ce, lungun duk caɓi, kuma kafin ka yi taku goma ya karya kwana. Tayoyin suka yi ta sulɓi, giya ta ƙi kamawa. Abin da muka samu kawai shi ne taɓo har gwiwa, ga motar ta toshe lungu, masu jakuna suna ta yi mana Allah ya shirya.

Na koma kan kujera na yi ƙoƙarin yin tunani irin na malamin makaranta. Fitila tana kamawa, oda tana ƙara, ke nan batir da ransa. Amma da na murɗa makulli sai fitilar ta dushe. Na kwance kawunan batir na goge su da lemun tsami da yashi har suka yi ƙyalli. Ƙas. Na shiga ƙarƙashi da guduma na ƙwanƙwasa kik ɗin, don wani lokaci maƙalewa yake yi. Ƙas. Ana cikin haka aka kira azahar.

Da a da ne, da tuni na hau keke na ɗauko bakanikena daga Sabon Gari. Mutumin gabas ne, shekara uku yana duba motar nan. Ya tafi lokacin tashin hankalin da aka yi kafin yaƙi, kuma ban sake jin ɗuriyarsa ba. Ina kwance cikin taɓo na ji kewarsa ta kama ni sosai, da kunyar abin da ya kore shi.

Bayan salla na ɗora Baba tela a kujerar direba. "Baba, in na ce murɗa, ka murɗa ka riƙe, kada ka saki."

"In ta tashi da ni fa?"

"Ai da mun gode Allah."

Na koma ƙarƙashi ina lalube, na ce ya murɗa. Hannuna ya faɗa kan siririyar wayar kuloci, sai na ji zafi kamar na taɓa dutsen guga. Na yi ihu, Baba tela ya yi salati ya diro. Ni kuwa ina tsotsar yatsa ina mamaki, me ya kai wuta wayar kuloci? Nan maganar bakanikena ta faɗo mini. Da Hausarsa ta Sabon Gari yakan ce, "Malam, wuta kamar ɗan aike ne, sai ya tafi ya dawo. In ba hanyar dawowa, zai bi ta gidan mutane."

Hanyar dawowar wata faffaɗar waya ce ta jan ƙarfe, saƙaƙƙiya, da ke haɗa gindin inji da jikin mota. Na bi da hannu har na same ta. Ta yi kore shar, ina taɓawa ta marmashe. A samanta, ƙasan motar ya yi farin ɓawo. Na ɗanɗana. Kanwa ce. Rufin yana ɗan yoyo, ruwa ya jiƙa buhunan, ruwan kanwa ya yi wata biyar yana ɗiga a kanta.

Na shiga gida a fusace, guntun wayar a hannuna. "Inna, kin ga abin da kanwarki ta yi! Yanzu ina zan samo wannan? Masu sayar da kayan mota duk sun watse. Sai ki sa a ɗauko Yaya a ka!"

Ban taɓa ɗaga mata murya haka ba, kuma tun kafin in rufe baki na yi nadama. Ta karɓi guntun ta jujjuya shi.

"Jan ƙarfe ne?"

"Shi ne."

Sai ta juya mini baya ta fara murza hannunta da sabulu. Akwai wata munduwar jan ƙarfe mai kauri da ta gada wajen kakarmu, ban taɓa ganin hannunta babu ita ba. Da ƙyar ta fita, ta bar mata farin zobe a fata. Ta miƙo mini tana kallon bango.

"Kai wa maƙeri. Yaron nan ba zai hau amalanke ba."

Maƙerin fari, mai aikin jan ƙarfe da azurfa, da ke bayan masallaci bai tsaya tambaya ba. Ya gasa ta a wuta, ya miƙar, ya buga ta ta yi faɗi, ya huda ta baki da baki daidai tsawon zaren da na auno. Na komo a guje tana da sauran ɗumi. Na kankare tsatsa da wuƙa, na ɗaure ta da sifana har hannuna ya yi jini.

Wannan karon ban yarda kowa ya taɓa makulli ba. Na murɗa, kik ya kama, injin ya yi tari biyu ya ɗauka, baƙin hayaƙi ya turnuƙe lungun. Matan maƙwabta suka rangaɗa guɗa ta bayan katanga. Baba tela ya shiga gaya wa jama'a ai tun da safe ya ce waya ce. Daɗi ya sa na bar masa.

Mun isa tasha jirgi yana huci bai gama tsayawa ba. Don tsabar alfahari na kashe mota a bakin ƙofa, ban ko nemi gangara ba. Aka sauko da yayana a makara ta asibiti. Mutumin da ya tafi yana cika ƙofar zaure, ni da Baba tela muka ɗaga shi ba tare da nishi ba. Muka shimfiɗa shi a gado, na murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi.

Na bi ta Fagge ina kauce wa kowane rami. Da muka doshi Ƙofar Mazugal, yayana ya ce a ɗage masa labule. Ya daɗe yana kallon Dala. Sannan ya tambaye ni, a hankali, ko Inna ta ce wani abu da ta ji zai dawo.

Na ce, "Ba ta ce komai ba, Yaya. Amma munduwarta ce ke ɗauke da kai."

Ya sa hannu ya rufe fuskarsa, ni kuma na rage gudu.