Gungumen da ke Bayan Gidana Bai Tsage Ba, Ardis

Ranar Talata sha ɗaya ga Fabrairu aka bugo mini waya daga birnin Regina, aka ce Ardis Tveit ta rasu. Ban yi boko ba, 'yata Halyna ce ke rubuta wannan, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Ardis, ba da daɗi muka fara ba. Shekara ashirin da biyu ina shugaban masu gyaran layin dogo a yankin Melville, da mutum goma sha huɗu a ƙarƙashina, muna cire ruɓaɓɓun gumagumai na katako da ke ƙarƙashin dogo muna sa sababbi. Sai kamfani ya aiko ki, injiniya, da gumagumai na siminti. Cikin shekara biyu mutanena suka koma biyar. Ban yafe wa kamfani ba, kuma ba ni da niyya.

Na faɗa miki a gaban kowa cewa simintinki ba zai kai labari a ƙasar nan ba. Ruwa zai shige shi da rana, ya daskare, ya kumbura, ya tsaga shi. Kika ce an cusa masa ƙananan ramukan iska, in ruwan ya daskare sai ya sami wurin miƙe ƙafa.

"Wato da iska za ki ɗauki jirgin alkama, 'yar boko?"

"Kai ma ai iskar ce ta cika ka, Metro, ga ka nan daram."

Mutanena suka yi ta dariya. Wannan ma ban manta ba.

Da gumagumai suka farfashe a kwanar da ke gabas da gari, manya suka ce ni ne ban danne tsakuwa da kyau ba. Ana shirin sallamata kika zo, kika yanki ɗaya, kika kai ɗakin gwajinku inda kuke daskarar da siminti ku narkar da shi sau ɗari uku. Kika dawo kika ce kwaɓin ne bai sami iska ba, kuma ke kika sa hannu aka karɓa. Ba wanda ya tilasta miki. Ni kuwa ko na gode ban ce ba.

A kakar wannan shekarar kika sauke guntayen gumaguman siminti biyu a bayan gidana, inda ruwa ke kwanciya, ɗaya mai iska, ɗaya babu. Kika ce in riƙa ƙwanƙwasa su da guduma duk lokacin da ƙanƙara ta narke, yadda muke yi a kan layi. Lafiyayye yakan yi ƙara tar, mai ciwo kuwa ya yi dum. Marar iskar ya marmashe a shekara ta shida. Na kwashe shi a baro, ban gaya miki ba.

Kowane Afrilu sai kin bugo. "Tsoho, me guduma ta ce?" Ni kuma in ce, "Bari dai mu ga baɗi." Sau talatin da ɗaya. Da matata Stella ta kwanta ciwo, ke kika riƙa kai mu asibiti cikin dusar ƙanƙara, ba ki taɓa tayar da zancen a mota ba.

A Janairun bana kika bugo, ba lokacinki ba, muryarki ƙasa-ƙasa. Kika ce, "Metro, faɗa mini yanzu mana." Na ce ki jira ƙanƙara ta narke.

Jiya ta narke. Tsufa ya kama ni, da kyar na ɗaga gudumar. Mai iskar ya yi ƙara tar, Ardis, kamar ranar da kika kawo shi. Ke ce da gaskiya, kuma na sani tun shekara ta shida.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya sa kin huta. Mijinki Lorne da 'ya'yanki Solveig da Nils, Allah Ya ba ku haƙuri. Gungumen yana nan inda ta ajiye shi. Duk wanda yake son ji a cikinku, ya zo, zan ba shi gudumar.

Metro Dubyk, Melville