Gwiɓar Tulun Baba Jerko

Mahaifina Jerko ya shekara hamsin da takwas a gida ɗaya a kwarin Swan, kuma babu shekarar da bai matse inabinsa ba. Yana ɗan ashirin da biyu jirgin ruwa ya sauke shi daga tsibirinsu na Korčula. Ya yi aikin fasa dutse har bayansa ya ƙi, sannan ya koma tuƙa motar kayan lambu zuwa kasuwa. Giyarsa ba ta sayarwa ba ce, ta sha ce a gida da kyauta ga maƙwabta, masu yabawa da masu haɗiyewa don kara.

Abin da aka fi saninsa da shi juyen giya ne. Idan ta gama tsima a babban tulun gilashi, gwiɓa takan kwanta a ƙasa, sai a zuƙe ta saman da tiyo zuwa wani tulun. Shi yakan ɗaure tiyon a jikin sanda, bakinsa ya tsaya yatsa uku kafin ƙarshen sandar, don kada ya taɓa gwiɓar. Muna yara, ranar juye ko tari mai ƙarfi ba ma yi a ɗakin ajiya. Na taɓa jingina da teburin da tulun yake kai, sai da ya kwana biyu bai kula ni ba.

Bana sau biyu yana faɗuwa. Na biyun a cikin gonar inabinsa ne, ya yi awa uku a kwance kafin mai kawo wasiƙu ya ji muryarsa. Ni kaɗai ce 'yarsa ta kusa. Aikin jinya nake a Fremantle, kullum in tashi aiki in yi tuƙin kusan awa guda in duba shi, in komo. Shekarata hamsin da huɗu, na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Na gyara masa ɗaki a gidana, muka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe ya ce, "To, na ji, Nevenka. Bari in juye giyar bana. Ranar da ta fito garau, in bi ki."

Asabar ta farko a watan Yuni, da sanyin safe, ya riƙe sanda, na riƙe ɗaya bakin tiyon. Ba a kai rabi ba giyar ta gurɓace.

"Baba, wannan giya ce ko ruwan wanke-wanke?"

"Hannu ne, 'yar nan. Tsufa ya zo bai yi sallama ba."

Muka mayar da ita. Gwiɓa in ta tashi, sai ta kwana goma kafin ta sake kwanciya. Karo na biyu ma haka aka yi, har na ji tausayinsa ya kama ni, ina cewa mutumin da bai taɓa kuskure ba yau hannunsa ya ci amanarsa.

A karo na uku na tsuguna daidai saitin gindin tulun, ina kallo ta gilashi. Hannunsa ko rawa ba ya yi. Ina gani ya danna sandar har ƙasa, ya ɗan juya ta kamar mai motsa sukari a kofi.

"Baba."

"Mene ne kuma?"

"Na gan ka."

"Kin ga me? Ke da ko zare ba kya iya zura wa allura sai da tabarau?"

"Na ce na gan ka. Hannunka lafiyarsa ƙalau."

Ya zare sandar a hankali, ya goge ta da tsumma, bai dube ni ba. Can ya ce, "Kwana goma ne fa kawai. Me kwana goma zai rage miki?"

Raina ya ɓaci, amma ko ƙarfin ɗaga murya ba ni da shi. Na ce, "Ranar Talata barci ya kwashe ni a danja, sai da na baya ya danna min hon. Ka ga abin da zai rage min."

Ranar ko miyar da na kawo masa bai taɓa ba.

Da kwanakin suka cika, na tarar ya riga ya ɗaure tiyon a sanda, ya ajiye ta a gefen da nake tsayawa, shi kuma ya zauna kan akwatin inabi da ya kife. Na zura ta a jikin gilashi sannu a hankali, na zuƙo da baki, giyar ta kama hanya. Gaskiya sau biyu zuciyata ta raya min in saki hannuna sandar ta tayar da gwiɓar, amma ban saki ba. Da ta kusa ƙasa na toshe tiyon da babban yatsa, na bar wa gwiɓa rabonta.

Ya tsiyayi rabin kofi, ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa, ya daɗe yana dubawa. Garau take, ana hango yatsunsa ta ciki.

"Wa ya koya miki?"

"Wani tsoho mai taurin kai."

Bai yi dariya ba. Ya kurɓa, ya ajiye kofin a ƙasa kusa da takalminsa. Sai ya tambaye ni ko ɗakin da na gyara masa yana da taga. Na ce akwai, amma wurin ajiye motoci take kallo. Ya ce ba komai.