Haƙoran Makau Mai Batir

Makau ya fi shekara ashirin yana cajin batirin mota da na rediyo a bakin kasuwar Anka, kuma duk wanda ya san shi ya san hannunsa na hagu: da zarar abin dariya ya zo, hannun ya riga dariyar isa baki. Jaki ne ya harbe shi yana yaro, haƙoransa biyu na gaba suka gutsure suka yi baƙi. Ni kabu-kabu nake yi, abokinsa ne tun ƙuruciya, kuma na sha tsokanarsa a kan haka fiye da kowa. Yau ina jin kunyar wannan tsokanar.

Daminar 2001 ya samu Tasalla, wata bazawara mai fara'a daga Zugu. Sai ya ɗauko salon ma'aikatan sakatariya: wai bayan an ɗaura aure zai kai amarya Sakkwato su yi mako guda suna cin amarci, su ɗauki hoto. Mutane suka ce Makau ya zama Bature. Ni kaɗai ya gaya wa gaskiyar abin. So yake ya yi dariya a gaban matarsa, baki buɗe, ko da sau ɗaya ne.

Ana jibi ɗaurin aure na kai shi Gummi wurin wani mai sa haƙori da ya koyo sana'ar a Makka. Mutumin ya goge gutsurarrun haƙoran da wani ɗan inji har suka sirance, ya ɗora musu farare, ya manne. Makau ya daɗe yana kallon bakinsa a madubi. Wallahi ya yi kyau.

"Ka kwana ukku garin ga," in ji mai haƙorin. "Kak ka hau mashin, kak ka tamna komi mai ƙarhi, sai sun kama."

Wane ango zai aika wa surukai cewa a ɗaga aure don ya je gyaran baki kamar budurwa? Ni ne ma na ce masa, "Hau mu tahi, a hankali za ni tuƙa." Ban tuƙa a hankali ba, hadari nake gudu. Kafin mu kai Zugu tayar gaba ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe, bakin Makau ya daki ƙeyata. Ya tofar da jini, ya taɓa, ya ce suna nan. Suna nan ɗin, amma nasa na asali da ke ƙarƙashinsu sun tsage.

Aka ɗaura aure yana ta zufa, ana cewa kunyar ango ce. Ya sa gishiri, ya sa kanumfari, ciwon bai ko gezau ba. Asubar ranar tafiya ya buɗe shagonsa ya yi abin da ya sha ganin direbobi suna yi: ya tsoma auduga a ruwan batir ya danna a dasashi. Ya ce mini daga baya ya ji ciwon ya mutu, har ya yi hamdala.

Kafin motarsu ta shiga Sakkwato leɓensa ya kumbura ya kai hanci. Makon amarcin a asibiti aka yi shi, Tasalla na zaune a kan tabarma da kwanon da yake tofa miyau a ciki. Aka cire haƙora huɗu, aka yanke naman da ya ƙone, leɓen ya warke a karkace. Ba a ɗauki hoto ba.

Shekara takwas ke nan. Yana nan a shagonsa, rawani naɗe har bisa baki ko ana zafin bazara, kuma baƙi na cewa girman kai gare shi don ba ya son magana. Bai taɓa cewa laifina ne ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Tasalla ba ta guje shi ba, amma fara'arta ta ragu, don gidan da maigida ba ya dariya kowa a hankali yake taka ƙasa.

Ran sallar da ta wuce na kai musu nama. Ina tsaye a zaure na ji 'yarsu Sahura tana tambayar uwar.

"Inna, Baba bai iya dariya ba na?"

Tasalla ta ce, "An ce ya iya. Ni dai ban taɓa gani ba."